Mai Son Hawa Ya Shiga Sahu: Magana Ga Matasanmu Masu Sha'awar Lifidi Da Sulke



A 'yan shekarun nan wata sha'awa ta kama matasanmu da aka haifa ko suka girma a Kudu, tun daga Agege da Idi-Araba a Legas, zuwa Sabon Ibadan da na Shagamu, har Fatakwal. Yaro zai kalli bidiyon Hawan Daushe a wayarsa, ya ga 'yan lifidi da 'yan sulke sun jeru, algaita na tashi, zuciyarsa ta ce shi ma sai ya hau. Wannan abin farin ciki ne. Yaron da bai taɓa yin Sallah a Kano ko Katsina ba, amma yana tambayar mene ne kwalkwali, ai ba mu rasa shi ba.

Sai dai sha'awar ta raba kan matasan gida biyu. Akwai masu cewa a haɗu a ƙungiya mai shugaba da doka: a riƙa zuwa atisaye, a biya kuɗin wata, kada wanda ya sa kaya sai manya sun duba, kada wanda ya hau sai an gwada shi. Akwai kuma masu cewa wannan takura ce. Kowa ya sayi kayansa, ya yi hayar doki a bakin teku ko wajen masu barga, ya ɗauki hotonsa ya sa a TikTok, ba ruwan kowa da shi.

Mun saurari ɓangarorin biyu. Ra'ayinmu shi ne mai son hawa ya shiga ƙungiya, ya haƙura da tsaurinta. Amma su ma ƙungiyoyin muna da sharaɗi a kansu, kuma za mu zo gare shi.

ABIN DA AKE KWAIKWAYO

Kafin a yi gardama, ya kamata a san abin da ake son kwaikwayo. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, a matsayin wanda ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin kayan yaƙin Kano. Ya ambaci Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, da kakaki da figini da takalmin gashin jimina. Ya kuma ambaci Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, a matsayin sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Ke nan abin da muke gani ranar Sallah an yi ɗaruruwan shekaru ana tara shi, sarki bayan sarki.

A dubi lifidi kansa. Riga ce mai kauri da ake cusa wa auduga a dirke ta da ɗinki, ta rufe doki da mahayinsa, don kibiya mai dafi ta tsaya a cikinta. Nauyinta ya sa mahayi ba ya iya hawa sai an taimaka masa, in kuwa ya faɗo a fagen fama ba ya komawa kan sirdi shi kaɗai. Shi ya sa ɗan lifidi ba ya tafiya sai da dakaru a gefensa. Kayan da kansu an yi su ne don mutumin da ke cikin runduna. Wanda ya sa lifidi ya tsaya shi kaɗai a bakin titi, ya ɗauki rabin labari ya bar rabi.

Haka ma hawan. A gida, hawan Sallah jaddada mubaya'a ne: hakimai su zo da jama'arsu, kowa da inda yake tsayawa, kowa da lokacin da zai wuce, a ƙare da jafi a gaban sarki. Turawa da suka zo sun ga tsarin ya burge su, suka laƙaba masa sunan da suka taho da shi daga Indiya, wanda ya zama "daba" a bakinmu. An yi hawan daba a Kano a 1925 don Yariman Ingila, an yi a Kaduna a 1956 don Sarauniya Elizabeth, an kuma yi a Kaduna a 1977 lokacin bikin FESTAC. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake alfahari da su. Abin da aka karrama shi ne taron gaba ɗaya, da masu hawa da masu kiɗa da masu sana'ar da ke bayansu.

KAYA SUNA MAGANA

Dalilinmu na farko shi ne kayan hawa harshe ne, kuma wanda bai koyi harshe ba zai yi ɓaranɓarama. A Kano rawani mai kunne biyu na gidan sarauta ne. Alkyabba ana yafa ta ne ga wanda aka naɗa. Laima da tagwayen masu na sarki ne, kakaki ma shi ake busa wa. Ja da kore na dogarai alamar aiki ce. Duk wanda ya tashi a birni ya san waɗannan ba tare da an zaunar da shi ba, don yana gani tun yana kan dokin kara.

Yaronmu na Kudu bai samu wannan ba, kuma ba laifinsa ba ne. Idan ya tsaya shi kaɗai, malaminsa shi ne hoton da ya gani a waya. Nan ne za ka ga saurayi ya naɗa rawani mai kunne biyu, ya yafa alkyabba, ya ɗora kwalkwali a hannu, abokinsa na riƙe masa laima, ya kuma rubuta wa kansa sarauta a ƙarƙashin hoton. Shi a ganinsa ya raya al'ada. Mutanen gida kuwa dariya suke yi, wasu ma ransu ɓaci yake yi. Mafi muni, ƙannensa da maƙwabtanmu da ba Hausawa ba za su ɗauka haka abin yake. Kuskuren da aka maimaita sau ɗari a bidiyo shi zai zama tarihi a idon yaran da ke tasowa.

A cikin ƙungiya kuwa akwai mai ce maka, "Ɗana, cire wannan, ba naka ba ne." Maganar tana da ɗaci, amma ita ce karatun. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

DOKI BA BABUR BA NE

Dalili na biyu shi ne dokin. Iyayenmu sun san Kudu ba ƙasar doki ba ce. Ƙudan tsando yana sa masa sammore, laima tana ɓata masa kofato, harawa da dusa da dawa da kanwa kuwa sai an nemo su da tsada. Lifidi da jalala in an ninke su aka ajiye a ɗaki cikin damina, kafin wata Sallah sun yi fumfuna. Mutum ɗaya mai neman abincinsa a kasuwa ba zai iya ɗaukar wannan hidima ba, shi ya sa mai hawa shi kaɗai yakan ƙare a haya.

Dokin haya na bakin teku ya saba da ɗaukar 'yan yawon buɗe ido 'yan taku kaɗan a kan rairayi. Bai saba da ganga ba, bai saba da taron jama'a ba, bai saba da ƙarar danfo da achaɓa a bayansa ba. Kwalta tana da santsi ga kofato. Linzaminmu na gargajiya kuma mai kaifi ne, an yi shi don a tsayar da doki nan take yana cikin sukuwa. A hannun gwani ɗan taɓi ya isa, a hannun ɗan koyo kuwa bakin dabba ne zai yi jini. Wanda ya ga jafi a bidiyo ya ce zai gwada a layin unguwa, yana wasa da ransa da na yaran mutane. A Kano ma, inda doki yake gida, 'yan sanda sun sha hana kilisa a kan tituna.

Abin mamaki, ilmin da ake buƙata yana nan kusa da mu. 'Yan uwanmu da yawa su ne masu kula da dawakin folo a Ikoyi da Ibadan, sun san ciwon doki tun kafin ya kwanta, sun san yadda ake saba masa da hayaniya. Ƙungiya za ta iya ɗaukar irin waɗannan su zama malamai, ta biya su, ta kira likitan dabbobi, ta nemi fili. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

MAKAMI A GARIN MUTANE

Dalili na uku shi ne mafi nauyi, kuma shi ya sa muka ga bai kamata mu yi shiru ba. Kayan hawa sun haɗa da takobi da mashi da bindigar toka. A ƙofar fadar Zazzau waɗannan ado ne. A tashar mota a Kudu, a hannun saurayi mai rawani da ba wanda ya san shi, wani abu daban ake gani.

Ba mu manta da Uromi ba. A watan Maris na 2025, a Jihar Edo, an kashe matafiya 16, mafarauta 'yan Arewa da ke kan hanyar komawa gida yin Sallah, bayan an ga bindigoginsu na farauta. Zalunci ne tsantsa, ba abin da zai wanke waɗanda suka aikata shi. Allah Ya jiƙansu. Amma abin ya nuna mana irin zargin da ke yawo a zukatan wasu, da saurin da yake zama wuta. Ba mu manta da Shasha a Ibadan ba, a watan Fabrairu na 2021, inda ƙaramar hatsaniya ta ci kasuwa da gidaje da rayuka. Ga kuma doka: Dokar Makamai ta 1959 ta ba kwamishinan 'yan sanda na jiha ikon hana riƙe ko da bindigar toka ce sai da lasisi.

Mai hawa shi kaɗai yana cewa ba ruwan kowa da shi. A garin baƙunta wannan magana ba ta tsayawa. Idan dokinsa ya take yarinya, ko aka kama shi da takobi a shingen bincike, ba sunansa za a kira ba, "Hausawa" za a ce. Mai shayi da mai sayar da albasa da ɗan achaɓa da ba su san hawa ba, su za su biya. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Mu dubi maƙwabtanmu. A Ijebu-Ode, kowace shekara bayan Babbar Sallah ana yin Ojude Oba. Gidajen Balogun suna fitowa a kan dawakai, ana harba bindigogin gargajiya, a je a gai da Awujale. Dubban mutane ke taruwa, kuma ba wanda ke firgita da ƙarar bindigar, domin an san gidan da ke harbawa, an san ranar, an san wanda za a tambaya in wani abu ya faru. Tsari ne ya mayar da makami ya zama ado.

A ƙasashen Turawa ma masu kwaikwayon yaƙe-yaƙen da haka suke yi. A Ingila akwai ƙungiyar Sealed Knot da aka kafa a 1968, mai kwaikwayon yaƙin basasar da ƙasar ta fara a 1642. Mai son shiga sai ya zaɓi runduna, ya koyi atisaye, kuma ba zai taɓa bindiga da albarushi ba sai da takardun izini na hukuma. Mutanen da suke cikin ƙasarsu ke nan, ba wanda ke musu kallon baƙi. To ina ga mu?

GASKIYAR MASU CEWA A BAR SU

Duk da haka, masu gudun ƙungiya ba shashashai ba ne, kuma akwai gaskiya a koke-kokensu. Sun ce kuɗin shiga da na wata-wata sun fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi. Sun ce ana tsara atisaye kamar kowa ma'aikacin ofis ne, alhali mai sauke kaya a Mile 12 ba shi ke da lokacinsa ba. Sun ce wasu shugabanni suna fara tambaya da "ɗan gidan wa ne kai?", kamar hawa gadon wasu ne su kaɗai. Sun ce da an kafa ƙungiya sai rigimar muƙami ta cinye ta, a rabu biyu, kowa ya naɗa kansa. Duk wanda ya zauna a zango ya san waɗannan ba ƙage ba ne.

Akwai kuma tsaurin da ba shi da tushe. A Amurka, cikin masu kwaikwayon yaƙin basasar 1861 zuwa 1865, akwai waɗanda tsananinsu ya kai har ana yi musu laƙabi da masu ƙirgen ɗinki, don sukan duba zaren rigar mutum su ce ba irin na wancan zamani ba ne. Mu ma muna da irinsu: mai cewa in ba rawani ɗan Kura na gaske ba ne kada ka shigo, in sirdinka ba daga Kasuwar Kurmi ya fito ba ka koma. Muna tambayarsu, asalin wane zamani ake nufi? Alkyabba daga Arewacin Afirka ta zo mana. Sulke ta hanyar fatauci ya ƙetaro Sahara. Shaddar da manyan hakimai ke sawa yau daga Turai ake shigo da mafi tsadarta, ga baƙin tabarau a fuskar mahaya a tsakiyar Hawan Nassarawa. Al'adar da ke raye kullum tana karɓar sabo. Wanda ya mayar da tsadar yadi ma'aunin asali, aljihu yake aunawa.

INDA YA KAMATA A TSAURARA, DA INDA ZA A SASSAUTA

Ga sharaɗin da muka yi alkawari. Ƙungiya ta tsaurara a wuri uku, kada ta ji kunyar kowa.

Na farko, sani. Kada wanda ya sa kaya sai ya iya faɗin sunansu da ma'anarsu, kuma kada a taɓa abin da yake na sarauta. Muna da Sarakunan Hausawa a garuruwan da muke zaune, su ne iyayen wannan magana, a nemi izininsu da shawararsu.

Na biyu, haƙƙin dabba. Ba a hawan doki mai rauni ko mai yunwa, ba a barinsa cikin lifidi a tsakar rana sa'o'i don a ɗauki hoto, ba a ba ɗan koyo kaimi.

Na uku, tsaro. A yi hawa a fili, ba a kan titi ba. A sanar da 'yan sandan yankin da Baale ko Oba ko shugaban unguwa tun da wuri, a kuma gayyace su. A ra'ayinmu, a nan Kudu a ajiye bindiga gaba ɗaya. Takobi ya zama marar kaifi, ya zauna a kubensa, a ajiye shi a ma'ajiyar ƙungiya, kada kowa ya shiga mota da shi. Hawa ba ya raguwa don ba a ji ƙarar albarushi ba.

A sauran wurare kuwa a buɗe ƙofa. A sayi kaya na ƙungiya da za a riƙa ara wa marasa hali, a yi adashi don mai son mallakar nasa. A karɓi kuɗin wata kaɗan-kaɗan, a rubuta shige da fice, a karanta wa kowa. A daina tambayar asali: ɗan mahauci da ɗan malam da ɗan sarki sahu ɗaya ne a wajen koyo. Ɗan Nufawa ko Barebari ko Bayarabe maƙwabcinmu da ya nuna sha'awa, a karɓe shi, domin wanda ya hau tare da kai ba zai yarda a kira ka ɗan ta'adda ba. A sa wa shugabanci wa'adi. Kuma a tuna ba kowa ne zai hau ba: ana buƙatar zagi, da makaɗi, da mai ɗinki, da baduku, da mai ɗaukar hoto, da mai rubuta abin da dattawa suka faɗa. 'Yan matanmu masu karatu za su iya riƙe wannan ɓangare na bincike da adana tarihi fiye da yadda ake zato.

ABIN DA MUTUM ZAI IYA SHI KAƊAI

Wanda har yanzu zuciyarsa ba ta kwanta da ƙungiya ba, ba mu ce ya bar sha'awarsa ba. Akwai aiki mai yawa da ba ya buƙatar izinin kowa. In ya je gida ya shiga Gidan Makama a Kano ya ga kayan yaƙin da idonsa, ya leƙa Arewa House a Kaduna. Ya zauna da tsofaffin zango da suka taɓa riƙe ragamar dokin hakimi a ƙuruciyarsu, ya naɗi muryarsu tun suna raye. Ya koyi ɗinkin jalala ko aikin fata. Ya yi tanadi ya je ya kalli Hawan Bariki a Katsina ko Hawan Magajiya a Daura. Irin wannan mutum, ranar da ya shiga ƙungiya, malami zai zama.

Amma ranar da zai ɗora sirdi ya fito bainar jama'a da sunan al'adar Hausawa, abin ya tashi daga nasa shi kaɗai. Ya ɗauko sunanmu duka ya ɗora a kan doki, don haka muna da haƙƙin mu ce ya shiga sahu.

Kiranmu ga iyayenmu sarakuna da attajiranmu shi ne kada su bar yaran nan da waya kaɗai. Su taimaka da fili, da doki ko biyu, da kuɗin motar dattijo ɗaya daga gida da zai zo ya yi mako biyu yana koyarwa kafin Sallah. Kiranmu ga matasa kuma, ku yi haƙuri da gyara. Duk gwanin da kuka gani yana jafi a bidiyo, sai da ya yi shekaru yana share barga da riƙe wa wani likkafa.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya shirya mana zuri'a, Ya maimaita mana. Amin.